ƘYALLEN AWON INNA KANDE

Shafi na 17

Daga alƙalamin Huda Abdoulkarim

Masu cika min salula da saƙo wai in sassauta wa Iklima, ku yi haƙuri, ba ni na kira uwarta Yamai ba. Wata ƴar kasuwa ce ta hango Iklima a Babbar Kasuwa, ta koma Maradi ta ce wa Inna Kande ɗiyarta ta zube. Inna ba ta nemi shawarar kowa ba, ta hau kar, wato babbar bas ta matafiya. Ga ta nan yanzu a Maourey, zaune a salon surukinta, wato falo, da buhun gero da rigar da ta ɗinko. To, mu ɗora.

*

Iklima ta fito daga ɗaki sanye da rigar.

Shadda ce mai kyau, ɗinkin ma ba laifi. Sai dai telan Maradi ya yi aiki ne da awon bara, na lokacin da Iklima ta gama wankan jegon Sadiƙ. Kafaɗa ta zauna daidai, hannu ma har ya ɗan matse. Daga ƙirji zuwa ƙugu kuwa rigar lilo kawai take yi.

Inna Kande ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta. Na uku ke nan tun da ta zauna.

"Juya."

Iklima ta juya.

"Sake juyowa."

Ta sake.

"Ke, zo nan."

Ke. Haka take kiranta. Iklima ɗiyar fari ce, kuma Inna Kande irin mutanen dā ce masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba. Kaka ce ma ta raine ta. Abu guda Inna ta yarda ta yi mata a fili, shi ne ciyarwa. In ta cika mata kwano har ya yi tozo, to ta faɗi duk abin da za ta faɗa.

Inna ta zuge jakarta, ta tona har ƙasa, ta zaro wani siririn ƙyallen atamfa mai ƙulli guda a jikinsa.

Iklima ta gane shi. Da shi aka auna ƙugunta ranar da ta cika arba'in, aka yi ƙulli a daidai inda bakin ƙyallen ya haɗu. Ba ta san an ajiye shi ba.

"Ɗaga hannu."

Inna ta zagaya mata ƙyallen a ƙugu ta ja. Ƙullin ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya yi gaba abinsa. Inna ta sa hannu ta auna ragowar. Taƙi guda cur.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Inna?"

"Sauran ɗiyar da na aiko gidan nan. Taƙi guda babu. Ina ya tafi?"

"Inna, wallahi kilona bai ragu ba."

"Ban tambaye ki kilo ba."

"Ai duk Juma'a Hadiza na kira ta ce kin ce in hau balansi, in hau, in ɗauki hoto in tura mata. Tamanin da huɗu kika sallame ni, tamanin da huɗu nake."

"Ƙanwarki ta gwada mini hotunan. Lamba na gani da yatsun ƙafa. Ban ga ciki ba."

Iklima ta shiga ɗaki ta ɗauko balansin, ta ajiye a tsakiyar salo, ta hau. Allura ta yi rawa ta tsaya.

"Duba da kanki, Inna."

Inna ko leƙawa ba ta yi ba.

"Wanga ƙarfen wa ya saye shi?"

"Baban Sadiƙ."

"To."

To ɗin nan ta ishi mai hankali.

Daidai nan Nassirou, mijin Iklima, ya yi sallama, dawowarsa ke nan daga wajen aiki. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa nesa da kujera, kansa a ƙasa.

"Inna, an zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Suna gaishe ka."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar yadda ta saba yi masa. Da dā ne da iyakar maganarsu ke nan, shi ya sulale waje, ita ta juya kai. Yau kam ba ta sallame shi ba.

"Malam, zauna. Yau kunya ta ɗan ba mu wuri."

Nassirou ya zauna a kan tabarma. Ya saci kallon matarsa, ya ga rigar, ya ga ƙyallen, ya ga balansi. Ya gane yau ba sauƙi.

"Gero ya ƙare muku?"

"A'a, Inna."

"Nama ya gagare ku?"

"Alhamdu lillahi, Inna, firigo ma a cike yake."

"To wani abu kake yi mata da ba ta iya faɗi?"

"Subhanallahi! Inna, ga ta nan, a tambaye ta."

"Ita? Ko wuta kake sa mata ba ta faɗi. Halin ubanta ne."

Ta sake cika kofi da ruwa ta shanye. Ta gyara zaman ƙafarta ta hagu, wadda ke cikin safa baƙa, alhali zafin Yamai ranar ko mai fanka biyu sai da ya yi gumi.

"Ga abin da ya kawo ni. Na kama wuri biyu a kar ta gobe da safe. Zan tafi da ita da yaron. In ta cika ƙyallen nan, ka zo ka ɗauki iyalinka."

"Inna, aikina fa?" in ji Iklima.

"A ce musu ba ki da lafiya. Ai ba ƙarya anka yi ba."

Ta sake zuge jaka. Wannan karon ƙullin leda ta fito da shi, ta warware a kan tebur. Ƙwayoyi ne ƙanana, farare da ruwan hoda, irin waɗanda masu talla ke sayar wa mata don su yi jiki. Ga kuma kwalbar siro ta buɗe ciki.

Nassirou ya runtse ido.

"Kawo mini ƙwarya da ludayi," Inna ta ce.

Iklima ta kawo. Inna ta fito da curin furar da ta taho da ita, ta marmasa, ta zuba nono, ta dama da hannunta. Ta buɗe gwangwanin madara mai kauri ta tuttule rabi. Ta kawo sukari ta zuba ludayi guda, ta ƙara na biyu, ta ɗan yi tunani ta ƙara na uku.

Ta miƙa.

"Sha."

Iklima ta karɓa da hannu biyu. Ta riƙe. Ƙamshin citta da kanumfari ya daki hancinta, furar gidansu sak, wadda ta yi wata da watanni ba ta sa a baki ba. Ta haɗiye miyau.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan sha ba."

Ku da kuke bin labarin nan kun sani, tunda Iklima ta yi wayo ba ta taɓa mayar wa uwarta da kwano ba.

Inna ta dubi ƙwaryar, ta dubi Nassirou.

"Kai ka hana ta?"

"Inna..."

"Ko an ce muku magani nike sawa a ciki?"

Ta ɗauki ludayi ta kurɓa sau biyu, ta mayar.

"Ga shi nan. In mutuwa ce ni na fara."

"Inna, ba haka ba ne," in ji Iklima. "Ban rame ba. Kitse ne ya tafi, tsoka ta maye wurinsa. Taɓa nan ki ji."

Ta naɗe hannun riga ta miƙa damtsenta. Inna ta sa yatsa biyu ta latsa. Bai lotsa ba. Ta janye hannu da sauri.

"Wanga mi ne ne? Kumburi?"

"Tsoka ce. Ke da kike zuwa wajen mahauta kin sani, in aka auna miki kilo guda na kitse sai ya cika kwano, kilo guda na tsoka kuwa ɗan dunƙule ne. Nauyin ɗaya ne, wurin da suke ci ne ya bambanta. Shi ya sa balansi bai motsa ba, ƙyalle ya motsa."

"Yanzu ke akuya ce da za ki kawo mini zancen mahauta?"

Nassirou ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce masa. Ba wanda ya kula shi.

"Kuma tsokar daga ina?"



"Akwai wani wuri nan bayanmu, na mata zalla. Wata Bazabarma ce ke da shi, Ramatou. Nakan je da safe kafin in wuce aiki."

"Ki yi mi?"

"In ɗaga ƙarfe."

"Ki ɗaga mi?"

"Ƙarfe, Inna."

Ganin magana ba za ta yi ba, Iklima ta nufi bakin ƙofa inda buhun geron Inna yake jingine. Rabin buhu ne, wanda ɗazu mai taksi ya shigo da shi yana nishi yana ƙorafin bayansa. Ta durƙusa, ta rungume shi, ta miƙe tsaye, ta taka da shi har madafa ta dire. Ta dawo ko haki ba ta yi.

Ta zaci abin zai burge uwarta. Ni ma da nake rubutawa na san ba zai burge ta ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna a hankali. "Na aurar da mace, an mayar mini da ɗan dako."

"Inna, abinci nake ci sosai. Wake, ƙwai, kifin Gamkalley, kwaɗon zogale kullum. Na fi dā ci ma."

"Zogale. A Maradi in mace ta koma cin zogale safe da yamma, tambaya ake yi ko mijinta ya karye."

Ta juya ga Nassirou, mayafin ma ya zame ba ta gyara ba.

"Ka san mi ake faɗi a unguwarmu? Wasu sun ce yunwa. Wasu sun ce baƙin ciki. Wasu sun faɗi ciwon da ba ni iya maimaitawa da bakina. Na je gidan suna mata sunka yi shiru da na shiga. Ni da na sallami ɗiya tana cika ƙofa, har maƙwabta na zuwa kallo."

"Allah ya huci zuciyarki, Inna."

"Ba huci na zo nema ba. Ka amince ta bi ni ko ba ka amince ba?"

Nassirou ya daɗe yana kallon tabarma. Mutum ne mai gudun rigima, in ana gardama a gidan nan yakan tuna yana da aiki a waje. Yau ƙofa ta yi masa nisa.

"Inna, in kin ce ta je ta gaishe da gida, ko yau ne ta tafi. Amma in don fura da ƙwayoyin nan ne, ban amince ba."

"Ba ka amince ba."

"Ban amince ba, Inna. Ki gafarce ni."

Ya ɗago ya dubi matarsa.

"Maman Sadiƙ, na yi miki alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Amma in kika hau kar ɗin nan, da hannunta za ta yi miki illa ba ta sani ba. Ki faɗa mata."

"Ta faɗa mini mi?"

Iklima ta zauna a ƙasa, daf da ƙafafun uwarta.

"Inna, bayan na dawo daga jego na riƙa jin jiri, ga ƙishirwa, ga kasala. Na je asibiti aka ɗebi jinina."

"Sai?"

"Sai likita ta ce ciwon sukari ne. Ya fara shiga, bai yi nisa ba."



"Irin na Baba," in ji Iklima.

"Ubanki jifa anka yi mishi."

"Inna..."

"Jifa anka yi mishi a kasuwa, ya taka, ƙafa ta ruɓe. Kowa ya sani."

"Likitocin da suka yanke ƙafar sun faɗa, Inna. Ina tsaye a wurin. Ke ce kika fita daga ɗakin."

Wannan ita ce maganar da ba a yi a gidansu. Shekara shida da rasuwar mahaifinta Malam Issoufou, ko sunan ciwon ba a ambata in Inna na kusa. Abin da ya sa Iklima ta ɓoye nata ke nan.

"Na ce wa likitar ba zan iya ramewa ba, uwata na auna ni duk mako," Iklima ta ci gaba. "Ta yi dariya, ta ce ita ba ruwanta da kilo, kitsen ciki ne abokin faɗanta. Ta ce in bar sukari, in ci abin da ke gina jiki, in motsa. In kilo ya tsaya ya tsaya. Na yi murna, na ce shi ke nan, na sami lafiya, Inna kuma ta sami lambarta. Na manta da ƙyalle."

"Wato dabara kunka yi mini."

"Ban taɓa yi miki ƙarya ba. Abin da balansi ya faɗa shi nake turawa."

"Wa ya ce kina da shi? Wani ƙarfen kuma?"

Iklima ta tashi ta ɗauko ƴar jaka baƙa daga ɗaki. Ta fito da na'urar, ƴar ƙarama, ba ta kai tafin hannu ba. Ta wanke hannu, ta soki yatsa, ta ɗiga jini a bakin ɗan tsinken da ke jikinta. Na'urar ta yi ƙara.

"Ɗaya da ɗigo ɗaya. Lokacin da na fara ya kusa biyu. Likita ta ce in na riƙe haka, ba sai na sha magani ba."

Inna ta taɓe baki.

"Abin da bai kai akwatin ashana ba shi zai faɗa mini abin da ke cikin jinin mutum. Ku dai ƴan lakkwal masu boko komi anka sa muku a kwali kun yarda."

Ta miƙo hannu.

"Auna ni."

"Inna?"

"Auna ni mana. Ni da nike shan fura da sukari tun ba a haife ki ba, ga ni zaune lafiya lau. In ya ce ni ma ina da shi, kin ga ƙaryarsa ta fito, kowa yake yi wa. In ya ce ba ni da shi, kin ga fura ba ta kashe kowa. Ko ta ina gobe kina cikin kar."

Ita a ganinta ta ɗaure su ta ko'ina.

Iklima ta kama hannun. Rabonta da riƙe hannun uwarta har ta manta. Sai yanzu ta lura awarwaron azurfar da ke matse a wuyan hannun Inna tun tana yarinya ya zame har tsakiyar damtse. Ta lura zane biyu Inna ta ɗaura. Ta dubi butar ruwan da ta cika mata ɗazu, ta ga saura kaɗan.

Ta sa sabon tsinke, ta soki yatsa, ta ɗiga.

Na'urar ta yi ƙara.

Iklima ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Hannunki da sauran fura," ta ce. "Sukarin da ke yatsa kan ɓata awo. Bari in wanke miki."

"Kin gani ko? Tun yanzu an fara neman mishi uzuri."

Ta kawo ruwa da sabulu ta wanke hannun tas, ta goge da tawul. Ta canza yatsa. Ta sake sokawa.

Ƙara.

Nassirou ya taso ya leƙa ta kafaɗarta. Huɗu da ɗigo takwas. Shi ya raka ta asibiti ranar da likita ta ce in ya haura uku kada a jira gari ya waye, a taho. Kuma ludayi biyu na fura ba ya kai mutum nan.

Ya juya ya ɗauki makullin mota a kan tebur.

"Ina za shi?" in ji Inna.

Nassirou ya fice.

"Ke. Mi ya ce?"

Iklima tana durƙushe, na'urar a hannunta, idonta ya tashi daga na'urar ya sauka a kan baƙar safar.

"Inna, me ya sami ƙafarki?"

"Ƙaya ce. Tun kafin azumi. Tana warkewa."

"Tun kafin azumi."

"Na ce miki tana warkewa. Ko zafi ba ta yi mini. Ke, tambayarki nike, mi abin ya ce?"

Haka Baba ma ya ce. Ko zafi ba ta yi.

A waje Nassirou ya tada mota. Sadiƙ ya farka a ɗaki ya fara kuka, ba wanda ya tashi. Ƙyallen awo yana nan yashe a ƙasa kusa da ƙwaryar fura.

"Ke yarinya."

Shiru.

"Ke maman yaro."

Shiru.

Inna Kande ta dubi fuskar ɗiyarta. Wannan karon ba ta kawar da kai ba. Muryarta ta sauka ƙasa sosai.

"Iklima."

Iklima ta ɗago. Shekararta talatin da ɗaya, yau ta fara jin yadda sunanta yake a bakin uwarta.

Ta ajiye na'urar. Ta kai hannu biyu ga ƙafar.

"Inna, cire safar nan in gani."

Inna ta ja ƙafar ta tura ƙarƙashin zane.